Su Wane ne Masu Gida? Tarken Jagorancin Ƙungiyar blaxTARLINES Daga Mahangar Zangon Kumasi

1.0 Gabatarwa

Matarkan adabi da fasaha sun saba tsayawa a kan abin da ido ya gani ko kunne ya ji, wato zubi da salo da jigo. Ba kasafai ake waiwayar mutanen da suka zauna suka yanke shawarar a nuna aikin wane a bar na wane ba, alhali kuwa su ne ke riƙe da mabuɗin ɗakin. A fagen nazarin waƙar baka ba a yin irin wannan sakaci, domin babu ɗalibin da zai yi magana a kan makaɗin fada ba tare da ya ambaci ubangidansa ba. Wannan takarda ta ɗauki tambayar nan ta ubangida ta kai ta birnin Kumasi na ƙasar Gana, inda ƙungiyar blaxTARLINES take da mazauni. Manufa ita ce a auna tsarin jagorancin ƙungiyar da mudun da mutanen Zango suka sani, na maigida da kyauta da amana.

Akwai buƙatar a warware wata kalma tun da wuri. A bakin 'yan jarida "fasahar zamani" na'urori take nufi. Abin da ake nufi da fasaha a nan shi ne zane da sassaƙa da hoto da duk wani abu da mai hikima ya harhaɗa ya girke don a kalla a yi tunani, ko da kuwa tsumma ne ko tarkacen ƙarfe.

2.0 Asalin Ƙungiyar

Makarantar koyon zane ta Kumasi daga Achimota aka dawo da ita a 1952, daga baya ta zama ɓangare na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah. A nan El Anatsui ya yi karatu kafin ya koma koyarwa a Nsukka a 1975. Shekaru masu yawa manhajar ba ta wuce abin da Turawan Ingila suka bari ba: a zana mutum ko kasuwa a kan ƙyalle, a kafa a bango, mai kuɗi ko baƙo ya saya. A 2003 wani malami mai suna kąrî'kạchä seid'ou, wanda da ƙananan baƙaƙe yake rubuta sunansa, ya fara koyarwa a Sashen Zane da Sassaƙa. Ya jingine yin nasa aikin ya koma ga ƙera masu fasaha, yana tura ɗalibai su baje ayyukansu a kasuwa da tasha da kangon gini. Daga wannan yunƙuri ne, tare da abokan aikinsa Kwaku Boafo Kissiedu da George Ampratwum, ƙungiyar ta bayyana da wannan suna a 2015. Sunan wasa ne da kalmomi: yana tuna kamfanin jiragen ruwa na Black Star Line da Marcus Garvey ya kafa a 1919, wanda Nkrumah ya ara wa na Gana, a tsakiyarsa kuma an fito da kalmar Ingilishi mai nufin kwalta.

Babu mai musun abin da suka yi. A 2015 sun shirya nunin Silence Between the Lines a wani ɗakin sayar da motoci a Ahenema Kokoben, gefen Kumasi. Sai manyan nune-nune uku a Gidan Tarihin Kimiyya da Fasaha na Akra, ginin da aka bari ba a kammala ba: The Gown Must Go to Town a 2015, Cornfields in Accra a 2016, da Orderly Disorderly a 2017. A cikinsu aikin ɗalibi yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da na malaminsa da na baƙon da ya yi suna. A ƙasar da gwamnati ba ta gina wa irin wannan fasaha gida ba, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

3.0 Kyauta da Tukwici

Ginshiƙin tunanin ƙungiyar shi ne a raba fasaha da zama haja a mayar da ita kyauta. Tana kuma bayyana kanta a matsayin taro buɗaɗɗe wanda ba mallakar kowa ba, kowa na iya shigowa ya ɗiba ya ƙara. A nan ne Hausa za ta yi wa matarki rana, domin Bahaushe ya daɗe da rarrabe nau'o'in bayarwa. Sadaka a lahira ake jiran ladanta. Kyauta tana jawo tukwici. Biki kuwa, a ma'anarsa ta gudummawar da mata ke kai wa juna, bashi ne da ake riƙe lissafinsa a ka, ranar da abu ya tashi a gidan mai bayarwa a rama mata har da ƙari. Abin da Marcel Mauss ya rubuta littafi a kansa a 1925, cewa babu kyautar da ba ta ɗaure mai karɓa, kowace tsohuwa a Aboabo ko Asawase ta san shi ba tare da ta je aji ba.

To, wace iri ce kyautar blaxTARLINES? Ɗalibin da aka sa aikinsa a nunin Akra, aka haɗa shi da masu shirya nune-nune na Turai, ya karɓi abu mai tsoka. Tukwicin da ya dace da wannan shi ne biyayya ga tafarkin, da yin magana da harshen gidan. Wannan ba aibi ba ne a karan kansa, haka kowace makaranta take, har da ta allo. Inda gizo ke saƙar shi ne waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman jami'a ne, su ke koyarwa, su ke duba aikin kammala digiri, su ko almajiransu ke tsara nunin. Ɗalibin da ya ga cewa shi dai zanen fenti a kan ƙyalle yake so, ko yana ganin hanyar malam ba ta ɓulle ba, gaban wa zai kai ƙara? Jo Freeman ta lura da irin wannan a ƙungiyoyin mata na Amurka a farkon shekarun 1970: taron da ya ce ba shi da shugaba yakan kasance yana da shugabanni, sai dai ba a zaɓe su ba, saboda haka babu hanyar sauke su.

Idan aka dubi sunayen da ke yawo a tsakanin cibiyoyin, za a ga zoben bai da faɗi sosai. Adwoa Amoah da Ato Annan, waɗanda suka daɗe suna jagorantar Gidauniyar Fasaha ta Gana da aka kafa a Akra a 2004, abokan tafiyar ƙungiyar ne. Bernard Akoi-Jackson, malami a sashen, shi ya tsara nunin farko na cibiyar SCCA ta Tamale a 2019, na ayyukan Kofi Dawson. Selom Kudjie, wanda sashen ya yaye, shi aka ba jagorancin fasaha na cibiyar. Duka mutane ne da suka san aikinsu, kuma a ƙasar da ƙwararru ba su da yawa dole a riƙa cin karo da fuskoki ɗaya. Amma wanda bai bi ta wannan sashe ba zai iya ganin ƙofar a buɗe take, mai gadi ne dai ba a gani.

4.0 Maigida a Zango

Zangon Kumasi fataucin goro ne ya haife shi, ya kuma bunƙasa bayan Turawa sun ci Asante. Enid Schildkrout, a littafinta na 1978 a kan mutanen Zango, ta nuna yadda baƙo ke sauka a hannun maigida, kamar yadda Abner Cohen ya nuna a Sabon Ibadan a 1969. Maigida ke ba da masauki, ya ajiye kuɗi, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya tsaya lamuni. Tsari ne na sama da ƙasa wanda ba ya ɓoye kansa. Amfanin rashin ɓoyewar shi ne an san wanda za a kama. Maigidan da ya ci amanar fatake, baɗi ayari gidan wani zai sauka. Hatta sarauta ba ta tsira ba: Malam Sallau Katsina ya riƙe sarautar Zango daga 1919, Turawa suka ƙarfafa shi, amma da shugabannin sauran ƙabilu suka yi ta kuka da shi sai aka sauke shi a 1932.

Zango ya kuma san ɗacin hukuncin da ake yankewa a bayan idonsa. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba zuwa Nijeriya saboda siyasar adawa. A 1969 dokar baƙi ta Busia ta watsa gidaje masu yawa. Ma'aikatar raya Zango da aka ƙirƙira a 2017 ma ba ta wuce 2021 ba. Al'ummar da ta ga wannan, idan aka ce mata ga gida na kowa da kowa, tambayar da za ta fara yi ita ce sunan wa ke kan takardar.

5.0 Buhun Algarara

Dalilin da ya sa maganar ta shafi Zango kai tsaye shi ne kayan aikin da hannayen da ke aikin. Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987, shi ne ɗalibin sashen da ya fi yin suna. Buhunan algarara ya yi fice da su, waɗanda ake saƙawa a Indiya da Bangaladash, a zuba koko a cikinsu, daga baya su koma hannun masu hatsi da masu gawayi. Yakan sa a ɗinke su su zama mayafi guda a lulluɓe gini, kamar yadda ya yi a kasuwar Malam Atta ta Akra, da babban nunin Benis na 2015 wanda Okwui Enwezor ya tsara. Masu ɗinkin sau da yawa 'yan ci-rani ne daga arewa, cikinsu har da mata 'yan dako da ake kira kayayei, sunan da rabinsa "kaya" ce ta Hausa. Wani aikinsa na 2017 kuwa akwatunan 'yan shushaina ne aka jibga. Ƙarfin waɗannan ayyuka daga gumin da ya jiƙa buhun yake fitowa, da sunayen 'yan kasuwa da aka rubuta a jikinsa. Mai kallo a Landan yana ganin zane, mutumin Alabar yana ganin alamar mai kaya.

Dole a yi wa Mahama adalci. Kuɗin da ya samu daga sayar da ayyukansa ya mayar gida, ya gina SCCA a 2019, Red Clay a 2020, inda tsofaffin jiragen sama suka zama azuzuwan yara, da Nkrumah Volini a 2021 a cikin wani rumbun siminti na zamanin Nkrumah. Wannan halin maigida ne na ƙwarai, kuma ya fi sauƙin fahimta ga ɗan Zango a kan zancen taro marar shugaba. Sai dai raunin gidan maigida sananne ne: yana tsaye ne muddin kasuwar maigida tana ci. Kasuwar nan kuwa a Turai da Amurka take. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko da mai cin ladan yana da kyakkyawar niyya.

6.0 Amintattu

Dokar Kamfanoni ta Gana ta 2019, mai lamba 992, wadda ta maye gurbin ta 1963, ta tanadi hanyar yi wa ƙungiyar da ba ta neman riba rajista a matsayin kamfanin lamuni. Ba shi da hannun jari, ba a raba riba, dole a sami darektoci aƙalla biyu da sakatare da mai binciken kuɗi, a kuma riƙa miƙa rahoton shekara. Masu fasaha suna yi wa irin wannan tsari kallon tarkon takarda, kuma suna da hujja. Kwamitocin manyan gidajen nuni na Amurka attajirai ne suka cika su, kujera da gudummawa ake samunta. A Afirka ta Yamma kuma an sha ganin kwamitin da aka jera sunayen manya don a burge mai ba da tallafi, ba su taɓa zama ba.

Duk da haka kalmar da Hausa ta zaɓa wa waɗannan mutane tana ɗauke da wani abu da bai kamata a yar ba. An ce musu amintattu, daga amana, wato abin da ke hannunka ba naka ba ne kuma za a tambaye ka. A fiƙihun da malaman Zango ke karantarwa, waƙafi yana fita daga cikin abin da magada za su raba, a kuma naɗa masa mai kula wanda alƙali zai iya cirewa idan ya yi sakaci. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa ma, na matasa da na mata, suna da uban ƙungiya ko uwar ƙungiya daban, ma'aji daban, kuma a bainar jama'a ake faɗin abin da ya shigo da abin da ya fita. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka aro daga Turai.

Abin da tarken nan ke nema daga blaxTARLINES da 'yan uwanta bai wuce wannan ba: a faɗi sunayen masu yanke shawara, da tsawon wa'adinsu, da hanyar da za a bi a canza su, a kuma raba mai ba ɗalibi maki da mai zaɓen aikin da za a nuna. Sannan a cikin masu zaman a sami wanda ya fito daga cikin madinka da 'yan dako da masu gawayi, da cikakkiyar ƙuri'a, a yi zaman da harshen da yake ji, Hausa ko Dagbani ko Tuwi. Daga harabar jami'ar zuwa Aboabo tafiyar mota ɗaya ce a kan hanyar Akra.