Mai Ƙirga Namun Daji da Babu Shi a Littattafanmu

Mu da muka tashi a cikin birnin Zariya, saninmu da daji bai wuce abu biyu ba: Dutsen Kufena da ake hangowa idan hazo bai yi yawa ba, da kurar da gardawa ke zagayawa da ita da takunkumi a baki. Sauran namun daji a bakin kakanni muka gamu da su bayan sallar isha'i, sai kuma a Magana Jari Ce, wanda a nan Zariya aka buga shi a ƙarshen shekarun 1930.

A duk wuraren nan, dabba mutum ce da aka lulluɓa wa fata. Kura haɗama da tsoro, zaki sarauta, dila malanta. Ba mu ga laifin wannan ba, aikin tatsuniya ke nan, kuma Abubakar Imam ya iya shi fiye da kowa. Amma ga inda aka kwana: mun san abin da kura ke nufi, ba mu san inda take kwana ba. Mutumin da adabinmu ya yarda ya shiga daji kuwa maharbi ne, kuma da abin da ya saɓo a kafaɗa ake auna shi. Littattafan da muke karantawa a waya yanzu sun ƙara matse dajin. Can ne mota ke lalacewa, can aljanu suke, can ake kai wanda aka sace. Na ƙarshen gaskiya ne, duk wanda ya san halin da dajin Kamuku na Birnin Gwari ya shiga ba zai musa ba. Sai dai a labaran da suka zo hannunmu, ba mu ci karo da wanda ya shiga daji don ya ƙirga abin da ya rage a cikinsa ba.

Alhali akwai shi. A gandun Gashaka-Gumti, tsakanin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, akwai Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. A waɗannan tsaunuka akwai masu yin kwanaki a ƙafa da guzuri a baya, suna ɗaure kyamara a jikin bishiya don ta ɗauki duk abin da ya gifta, su dawo bayan makonni su canja batir su kwashe hotuna. Da yawan hotunan ganye ne da iska ta kaɗa. Birin chimpanzi ba ya tsayawa a ƙirga shi, amma kusan kowane dare yana lanƙwasa rassa ya yi sabuwar shimfiɗa a kan bishiya, don haka shimfiɗun ake ƙirgawa a kan layin da aka shata. Giwa ma sau da yawa da kashinta ake ƙiyasta yawanta, kuma sai an san kwana nawa kashin ke yi kafin ya ruɓe, in ba haka ba lissafin ya ɓaci.

Abin da ya fi jan hankalinmu ya fito ne daga sana'armu ta rubuta manhaja. A rumbun bayanai, sifili daban, gurbin da aka bari fayau daban. Sifili na cewa an je, an duba, ba a gani ba. Gurbi fayau na cewa ba a je ba. Mun sha karɓar teburin bayanai da wani ya bi ya cike kowane gurbi da sifili don ya yi kyan gani, ya mayar da rashin sani ya zama shaida. Mai bin sawun namun daji a kan wannan bambanci yake rayuwa. Ya hau dutse kwana uku, ya dawo ya rubuta bai ga ɓauna ko ɗaya ba, kuma wannan ne abin da ya saɓo. Idan irin wannan sifili ya jeru shekara da shekaru a kwari ɗaya, shi ne sanarwar rasuwa, ba wanda zai yi wata.

Za a ce wa zai karanta labarin da ba abin da ya faru? Mu kuwa muna ganin marubutanmu sun bar nama sun kama romo. A ɗauko saurayi ɗan gidan maharba, wanda ya gaji karanta sawu daga ubansa, yanzu kuma ana biyansa ya kai rahoton tarkon da ya san hannun da ya ɗana shi. A sa shi a bakin kogin da ya cika da damina, layin da zai bi yana tsallake, rahoto kuma jibi ake jiransa. Ba mai ganinsa. Zai bar gurbin fayau a ce ya yi lalaci, ko zai rubuta sifili? Ga kuma makiyayan da ke zaune a kan tsaunukan tun kafin a kafa gandun a 1991, waɗanda lambobin da yake rubutawa za su iya shafar kiwonsu. Ko a koma Yankari, inda manomin da giwaye suka kwana a gonarsa ba ya son jin ana cewa kaɗan suka rage. Wace kishiya ce ta kai wannan rikici?

Kada kuma a ɗauka aikin 'yan boko ne zalla. A Afirka ta Kudu, Louis Liebenberg da Justin Steventon sun ƙirƙiro manhajar CyberTracker a shekarun 1990 saboda gwanayen bin sawu da ba su iya karatu ba. Hoton dabba ko na sawu mutum zai taɓa, na'ura ta ajiye wurin da lokacin. Biyu daga cikinsu, Karel Benadie da James Minye, sun bi karkanda a gandun Karoo suna shigar da abin da take ci, har sunansu ya fito cikin marubutan maƙalar da aka buga a mujallar Pachyderm a 1999. Ilimin maharbi ne aka sama masa alƙalami.

Mu ma mun taɓa kama hanyar. Imam ɗin nan da Rupert East sun rubuta Ikon Allah, littafin da ya kalli halittu a matsayin halittu, da Hausa mai daɗi. Aka bar shi a aji a matsayin littafin makaranta, ƙagaggen labari bai ɗauki komai daga gare shi ba. Harshen kuma yana ta zubewa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da sunayen da yau sai a karin magana ake jinsu. Mun gwada a zauren gidanmu, mu bakwai, kowa da digiri, aka ce a bambance gwanki da kanki da mazo da mariya. Mutum ɗaya ya yi ƙoƙari, shi ma da aka nuna masa hoto a waya, barewa ya kira uku daga cikinsu.