Bayan Takardar Saki, Ina Yaran Suka Kwana?

Duk wanda ya saba karanta littattafan hikaya na Hausa ya san yadda ake rubuta babin saki. Miji zai fusata, ya jawo takarda da biro, matar ta ɗauki mayafi tana kuka ta nufi gidansu. Daga nan sai marubuci ya bi ta, ya ba mu labarin idda da zawarawa. Yaran da aka haifa kuwa sai su zama tamkar kayan ɗaki: jimla ɗaya ta ishe su, "aka bar su wajen uba," ko "ta tafi da na goye." Wannan gibi muke son mu duba, domin a ganinmu nan ne labarin yake da nama, kuma nan ne alƙalumanmu suka fi yin sauri.

Mu fara da wadda ba ta yi saurin ba. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta sa Alhaji Abdu ya saki Rabi saboda amaryarsa Delu, Rabi ta fita da 'ya'ya tara. Tara fa! Marubuciyar ba ta bari mun manta da wannan adadi ba, domin kowane ɗaya baki ne mai neman tuwo. Rabi ta shiga sayar da abinci don ta riƙe su, uban kuma yana can yana hidimar amarya. Abin da ya ba littafin ƙarfi shi ne ya raba abu biyu da mutanenmu suka saba cakuɗawa, wato riƙon yaro da ciyar da shi. Rabi ta samu na farko, amma aka jibga mata na biyu wanda ba nata ba ne. Ƙarshen littafin, inda aka matsa mata ta koma bayan dukiyar Alhaji ta ƙone, ya ɓata wa masu karatu da yawa rai. Mu dai muna ganin ɗacinsa gaskiya ne. Ba mamaki da Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012.

Sai dai mafi yawan rubuce-rubucen da ke zuwa hannunmu daga sababbin marubuta ba su kai nan ba. Sun ɗauki al'ada a matsayin shari'a. Za ka ga an rubuta cewa da an yaye yaro shi ke nan uba ya aiko a ɗauke shi, kuma babu wani a cikin labarin, ko malami ko alƙali, da zai ce uffan. Alhali a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na Musulunci suke bi, uwa ce ke da haƙƙin riƙo bayan rabuwa: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Wannan yana nan a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin da ya yi maganar idda da ciyarwa, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu. In uwar ta auri wani bare, riƙon ba ya faɗawa hannun uba kai tsaye, kakar yaro ta wajen uwa ce ke gaba. Ci da tufafi kuwa suna wuyan uba ko a ina yaron yake kwana. Uban yana da ikon duba tarbiyya da karatun ɗansa, amma makwanci na wajen mai riƙo.

Ba muna cewa marubuci ya mayar da hikaya darasin fiƙihu ba ne, Allah ya sawwaƙe. Mun sha karanta irin waɗannan, barci suke sa mu. Kuma ba laifi ba ne a nuna uba ya ƙwace yara, tunda hakan na faruwa kullum. Laifin shi ne marubucin kansa bai san ƙwace aka yi ba. In ya sani, to ga rikici ya samu a banza: uwa mai haƙƙi amma tana jin kunyar kai uban 'ya'yanta gaban alƙali, ga mahaifinta yana cewa a bar wa Allah, ga bazawari yana cewa ba ya son agola.

Abin da muka fi kewa shi ne babin ziyara. Ba mu cika ganin wanda ya tsaya ya rubuta matar da ta zo ganin 'ya'yanta a gidan da ta taɓa zama uwargida ba, yanzu tana tsaye a zaure tana aika yaron maƙwabta ya yi mata sallama. Ko uban da ya zo da kayan Sallah, surukarsa ta dā ta karɓa ta bakin ƙofa ta ce yaran sun tafi Islamiyya. Mu da muke koyarwa muna ganin ragowar wannan a aji. Akwai ɗalibin da in an ce a kawo uba sai ya yi shiru, akwai wadda ba ta san gidan da za ta yi hutu ba sai ranar da aka rufe makaranta. Irin wannan yaro ya iya baki biyu, abin da zai faɗa a gidan uwa daban, na gidan uba daban, kuma shi ne ɗan aiken da ake ba saƙon baƙar magana ya kai.

Maimakon haka sai a kawo mana muguwar matar uba, mai hana abinci da dukan marainiya, kamar yadda muka ji a tatsuniya tun muna ƙanana. Wannan hanya ta yi sauƙi da yawa, don tana wanke uba da uwa duka, ta ɗora kayan a kan mace ta uku.

Wanda yake da rubutu a hannu mai babin saki, ya samu safiya ɗaya ya je kotun yankinsu ya zauna a benci na baya. Zai ji yadda ake cinikin kuɗin abincin yaro na wata, da yadda ake tsayar da ranar da za a riƙa kai shi ganin ɗaya ɓangaren, da wanda zai biya kuɗin mota.