Mai Ƙin Rigakafi a Wasannin Faɗakarwa na Hausa

Cikin wasannin kwaikwayo da a ke shiryawa da Hausa don jawo hankalin jama'a ga rigakafin yara, akwai wani mutum wanda ba a rasa shi, watau maigidan da ya hana a ɗiga wa ɗansa magani. Duk wanda ya saba sauraron rediyo a ƙasar Hausa ya san shi. Ya kan fito da faɗa, ya kori matan da suka zo, ya ce ba a gidansa ba. Kafin a jima sai ƙafar yaron ta shanye, maigida ya zauna ya yi tagumi, malamin asibiti ko mai unguwa ya yi masa nasiha, wasa ya ƙare da da-na-sani. Nufina a wannan takarda in nuna cewa da sakaci aka ƙaga wannan mutum, domin ba a sa masa a baki dalilan da mutane na gaske su ke bayarwa, alhali kuwa yawancin dalilan nan suna nan kwance cikin kalmomin da masu wasan kansu su ke amfani da su.

Wannan siffa gado ce. Tun zamanin majigi, sa'ad da motar En'e ta ke yawo gari gari tana nuna hotuna a ƙofar fada, Turawan mulki sun fi son labarin mutum biyu, mai wayo da wawa: ɗaya ya bi maganar likita ya wanye lafiya, ɗaya ya ƙi ya sha wuya. Rubutaccen wasa ma da wuri ya shiga aikin nan, don kuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito cikin 1949, jigonsa tsabta ne da kiwon lafiya. Sa'an nan Yaƙi da Jahilci ya zo ya ba marubuta kalma guda wadda su ke rufe kowace gardama da ita, watau jahilci. To, matsalar kalmar nan ga mai rubuta wasa ita ce, da zarar an kira mutum jahili an hutar da kai daga sauraronsa. Mai sauraro kuwa, in shi ma yana da shakka a ransa, sai ya ji ba da shi a ke ba, domin bai ga kansa cikin wawan da a ke nuna masa ba.

Bari mu fara da kalmar rigakafi kanta. Kalma ce mai gaɓa biyu: riga, watau gabata, da kafi, watau tsarin da a ke yi wa gida ko gari don kada sharri ya shiga. Mutanen da su ke da kafin gida da kafin gari, su ke rataya wa jariri laya tun bai yi ciwo ba, su ke cewa rigakafi ya fi magani, ba za a ce ba su san tsare kai daga cutar da ba ta zo ba tukuna. Amma fa a duba yadda kafi ya ke. Mai gida shi ke neman wanda zai yi masa, ya san shi, ya san iyayensa, kuma sau ɗaya a ke yi. In aka ce a sake kafi, ma'anarsa na farko bai ci ba. Sai ga masu ɗigon shan-inna suna dawowa gida ɗaya sau da yawa cikin shekara, suna ba yaron da aka riga aka ba. Maigidan da ya tambayi dalilin haka, tambayar mai hankali ya yi. Amsa kuma tana nan: ɗigon nan ƙwayar cutar ce da aka raunana, dole sai ta kama cikin hanjin yaro, kuma a ƙasashe masu zafi inda gudawa da waɗansu ƙwayoyin ciki suka yi yawa, ba kowane ɗigo ke kamawa ba, sabo da haka a ke maimaitawa. Wannan bayani bai fi jimla uku ba, amma da wuya ka ji shi a bakin wani ɗan wasa.

Tsofaffi da wata kalma suka san abin, watau lamba. Lamba ita ce tsagar da a ke yi a dantse don tsare agana, kuma sunanta ya dace da ita, don tana barin tabo wanda mutum zai nuna har tsufansa. Agana kuwa ba ta ɓuya, kowa ya ga zanzana a fuskar wanda ya tashi, kowa ya san gidan da ta yi kisa. Aka yi lamba har aka ga bayanta, aka yi shelar ƙarewarta a duniya cikin 1980. Shan-inna ba haka ta ke ba. Cikin yara wajen 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne ta ke shanye wa gaɓa har abada, sauran su wuce ba a sani ba. Ɗigon kuma ba ya barin tabo. Abin da ya rage shi ne tawada a ɗan yatsan yaro da rubutun alli a bangon zaure. Watau lamba ta tashi daga dantse ta koma jikin gida. Mutumin da kakansa ya ga mai ƙirgar haraji da jangali, ya ga duba-gari yana leƙa randa yana cin tara, ba lalle ne ya ɗauki baƙon da ke rubuta ƙidaya a bangonsa da zuciya ɗaya ba.

Ita kalmar shan-inna ta fi duka nauyi. Inna a nan ba mahaifiya ba ce, iska ce daga cikin iskokin bori, wadda a ke cewa tana shan jinin gaɓa har ta motse. Sunan cutar da kansa yana ɗauke da bayanin asalinta, kuma wanda ya yarda da bayanin nan ba shi da dalilin zaton ɗigo biyu a baki zai tsare iska. Elisha Renne, wadda ta yi bincike a birnin Zariya ta buga littafi a kan siyasar wannan cuta a arewacin Nijeriya cikin 2010, ta taɓa batun nan. Masu shirya faɗakarwa da suka lura da haka sai waɗansunsu suka koma ga kalmar aro, foliyo. A ganina wannan ya ƙara dagula lissafi, domin mai sauraro na iya ɗauka cuta biyu ce, ɗaya tamu ta gargajiya, ɗaya ta masu ɗigo wadda bai taɓa gani ba. Da an bar tsohuwar kalma, an tsaya an nuna yadda ƙwayar ke fita cikin bayan gida ta shiga ruwa da abinci ta kai bakin yaro, da ya fi. Sunaye da yawa sun rabu da asalinsu ba tare da an sake su ba.

Haka nan allura. Mun saba cewa allurar rigakafi ko da abin da a ke bayarwa ɗigo ne ba tsini. Bahaushe yana girmama allura, yana ganin ta fi ƙwaya ƙarfi, amma yana tsoronta ga yaro, har a kan ce allura ta shanye masa ƙafa. Wannan magana ba camfi ce zalla ba. Likitoci sun san allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawu tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa, sun kuma san yaron da ƙwayar shan-inna ta riga ta shiga jikinsa, in aka yi masa allura cikin tsoka, shanyewar ta fi saurin faɗa wa wannan gaɓar. Uwar da ta ga haka ga ɗan maƙwabciyarta, ko wadda nata ɗan ya kwana da zazzaɓi bayan allurar farko ba wanda ya gargaɗe ta tun da fari, in ta yi sanyin ƙafa wajen komawa, abin da idonta ya gani ta bi.

Sai babbar magana, wadda wasannin suka fi kauce wa, watau kyauta. Maganin zazzaɓin cizon sauro sai an saya, ƙyanda tana kashe yara a unguwa, asibiti ba magani, amma ga wani abu guda da a ke kawowa har ƙofar ɗaki ba ko kwabo, a na kuma nacewa. A al'adarmu kyauta tana tafe da dangantaka, a kan san mai bayarwa, a kan san ranar ramawa. Kyautar da ba a roƙa ba daga hannun wanda ba a sani ba, dole a tambayi abin da ke bayanta. Mutanen Kano kuwa suna da abin tunawa. Cikin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin sabon maganinsa Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara wajen 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani sananne. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi ya ce cutar ce ta kashe su, har aka sasanta da gwamnatin Kano cikin 2009 a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne na warkarwa, ba rigakafi ba, amma a bakin talaka duk maganin Bature ne da aka kawo kyauta.

A kan wannan turba aka zo 2003, shekarar da Amurka ta shiga Iraƙi. Dakta Datti Ahmed, likita kuma shugaban majalisar ƙoli ta shari'ar Musulunci a Nijeriya, ya yi zargin an gurɓata ɗigon da abin hana haihuwa. Zargin ya sami kunnuwa, musamman da ya ke mutane ba su manta da manufar gwamnatin Babangida ta 1988 ba, wadda ta yi kiran kada mace ta wuce 'ya'ya huɗu. Waɗansu jihohin arewa suka dakatar da aikin, Kano ta fi kowa daɗewa, sai cikin Yuli 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta yarda aka koma, da maganin da aka sayo daga Indunisiya. Zargin hana haihuwa ba shi da tushe, kuma abin da ya jawo ba ƙarami ba ne. Yaran da aka tabbatar sun kamu a Nijeriya 202 ne cikin 2002, cikin 2006 suka haura 1,000, ƙwayar kuma ta ƙetara har Yaman da Indunisiya cikin 2005. Ban kawo wannan don in wanke masu zargin ba. Abin da na ke nufi shi ne, wanda ya jagoranci ƙin nan likita ne, waɗanda suka bi shi kuma da malamai da 'yan boko a cikinsu. Wawan majigi bai isa ya wakilce su ba.

Abin mamaki, hukuma ta riga marubuta gane haka. Tun 2006 aka fara haɗa ɗigon da allurar ƙyanda da sinadarin ƙarin lafiyar ido da sabulu da gidan sauro, watau an amsa cewa tambayar maigida tana da hujja. An kuma ga unguwanni da suka ce ba za su karɓa ba sai an yi musu rijiya ko hanya, waɗanda ba su da wata shakka a kan maganin, sun dai gane shi kaɗai ne abin da ke hannunsu wanda gwamnati ke so. Kai, wane marubucin wasa ne zai ga irin wannan ciniki ya wuce shi? Ga mai unguwa tsakanin hakimi da talakawansa, ga matar da ke yawo da akwatin ƙanƙara cikin rana don ɗan abin da za ta kai gida, wadda aikin ya zamar mata kasada har aka harbe tara daga cikin masu aikin a Kano cikin Fabrairu 2013. Duk wannan an bar shi, an riƙe faɗa da da-na-sani.

Kuskure na ƙarshe shi ne gama jinkiri da ƙi a ƙwarya ɗaya. Tun da aka ga ƙarshen shan-innar asali a Barno cikin 2016, aka kuma yi shelar kuɓutar Afirka daga gare ta cikin Agusta 2020, nauyin magana ya koma kan rigakafin yau da kullum wanda uwa ke kai ɗanta asibiti a yi masa. Wannan kuwa ya shafi har irin shan-innar da ke tasowa daga raunanniyar ƙwayar ɗigo, wadda ba ta samun yaɗuwa sai inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba. A nan yawancin waɗanda ba a gani ba su ce sun ƙi ba. Ka'ida ita ce a yi na fari da haihuwa, sa'an nan a mako na 6, da na 10, da na 14, na ƙyanda kuma a wata na 9. Mai jego tana wanka, ba ta fita sai ta yi arba'in, in haihuwar fari ce ma tana gidan iyayenta, wata sa'a a wani gari. Ga neman izinin miji, ga kuɗin mota. In ta isa kuma a kan ce ta dawo ran kaza, domin kwalbar maganin tarin fuka da ta ƙyanda na yara da yawa ce, in aka buɗe ba ta wuce sa'a 6, ma'aikaci ba ya son fasa ta sabo da yaro ɗaya. Matar da aka komar sau biyu ba ta cika zuwa na uku ba, kuma a wasa ita ce za a nuna tana hira ta manta.

Ko a wajen lissafin kwanaki ma masu faɗakarwa da harshen takarda su ke magana. Matan ƙauye ba su ƙirga shekarun jariri da mako, da suna su ke ƙirgawa, da arba'in, da zama, da rarrafe, da fitar haƙori. Mako 6 kwana 42 ne, watau kwana biyu bayan arba'in, daidai lokacin da mai jego ke ɗaukar goyonta ta shiga dangi yawon arba'in. Ɗan wasan da ya ce mata ta fara yawon nan da asibiti ya faɗi abin da ke cikin katin, da lissafin da kakar yaron ma za ta riƙe.