Giwan ruwan da ake kamawa a sake shi

Idan dare ya yi a kogin Faro, a arewacin Kamaru dab da iyakar Adamawa, akan ga baƙo tsaye a kan dutse yana ta wurga igiya cikin duhu, dorina na gurnani can gefe. A bakin igiyar akwai ƙugiya da aka ɗaure wa gashin tsuntsu don ta yi kama da ɗan kifi. Giwan ruwa yake nema. Tun daga Turai ko Afirka ta Kudu ya biyo jirgi, ya biya kuɗin masauki da na jagora. In ya taki sa'a, sai ya sha fama kafin ya jawo kifin gaɓa, a auna shi, a ɗauki hoto, sannan ya tallafe shi cikin ruwa har ya farfaɗo, ya sake shi ya tafi. A tafkin Nasser na Masar ma an daɗe ana irin wannan hutu.

Masunci a Yawuri in ya ji labarin, cewa zai yi aikin banza, harara a duhu. Wa zai kama abin da zai cika tukunyar gida guda ya mayar?

Sai dai lissafin baƙon ba na wauta ba ne. Kifin da aka kai kasuwa sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Wanda aka saki kuwa, baɗi wani baƙon zai sake biya don ya neme shi. Ga shi kuma manyan giwan ruwa galibi mata ne, su ke zuba ƙwai miliyoyi, kuma sai sun shekara da yawa kafin su kai wannan girma.

Abin ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, a kan haƙuri ya ginu. Ana hana kamun kifi a kogin Matan Fada duk shekara, Sarkin Ruwa na sa ido, sai ranar gasa dubban mutane su afka da homa da gora na kamar awa ɗaya. Wannan hutun da ake ba ruwa shi ya sa aka fito da kifi mai kilo 78 a 2020, bayan bikin ya yi kusan shekara goma a kwance. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kabawa ba sa sakin kifinsu, gaskiya ne, a kan sikeli yake ƙarewa. Amma awa ɗaya a shekara ba ta ƙarar da kogi. Abin da ke ƙarar da shi shi ne taru mai ƙananan idanu, da gidan sauro da ake jan 'ya'yan kifi da shi, da gubar da wasu ke zuba wa ruwa.

Inda za a yi hattara shi ne, kama ka saki wasan mai ƙoshi ne. Ba a ce wa mai iyali ya mayar da abincin 'ya'yansa ruwa don wani ya samu hoto. Duk tsarin da zai kori masunta daga gaɓarsu bai cancanci goyon baya ba. Su ne suka san gurbi da maɓoyar kifi, su ya kamata su zama jagorori da masu kwalekwale, kuɗin ya shiga aljihunsu. Kuma ba baƙon da zai kwana a bakin ruwa inda ake fargabar masu garkuwa da mutane.

Dam ɗin Kainji na nan tun 1968, na Tiga tun 1974. Ya kamata gwamnatocin Neja da Kabi da Kano su zauna da sarakunan ruwa, a keɓe sashe ɗaya a kowane tafki, a hana taru shiga, a gwada na 'yan shekaru a ga girman kifin da zai fito.