Mujallar Gari Tsakanin Aljihu da Alƙalami

Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen sharhi za mu dubi dalilin da ya sa jaridu da mujallun da ake bugawa domin mutanen gari ɗaya ba su cika yin tsawon rai ba. A ganinmu, matsalar kuɗi da ta edita tushensu ɗaya, wato wanda ya biya kuɗin bugu shi ke juya alƙalami.

Darasin Hukumar NORLA

A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu, kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya. Sun yi rawar gani, domin wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya sami abin karantawa game da garinsu. Sai dai da kuɗin gwamnati suke tafiya, don haka da wuya edita ya taɓa En'e ko hakimi. Da aka rushe hukumar a 1959, sai suka rasa madogara.

Zamanin 'Yan Kasuwa

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, kuma masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku ta daina aiki a shekarun 1990, sai kuɗin bugu ya yi tashin gwauron zabo. Duk da haka Tauraruwa ta fito a Kano a 1998, Fim kuma a Kaduna a 1999, sun dogara ga masu sha'awar finafinan Hausa. A nan wata matsalar ta ɓullo. Manyan kamfanoni suna kai tallarsu ga jaridun Ingilishi na Legas. Dillali yakan karɓi kwafe bashi, ya dawo da kwantai. Kwafi ɗaya kuma yakan zagaya majalisa guda, mutum goma su karanta, ɗaya ya biya.

Abin da ya rage wa edita shi ne tallar 'yan gari, alhali su ne mutanen da yake rubutu a kansu. Idan ya soki fim ɗin wanda ya sayi bangon baya, gobe ba talla. Idan ya yaba, mai karatu ya gane, ya daina saye. Ta haka sharhi ke rikiɗewa ya koma kirari.

Kammalawa

Muna ganin mujallar gari ba za ta tsaya da ƙafarta ba sai mai karatu ya zama uban gidanta, ta hanyar biyan kuɗin shekara tun kafin a buga. Nauyin da ke kanmu, malamai da ɗalibai, shi ne mu saya, mu kuma adana kwafe a ɗakin karatu, domin tarihin unguwa da Hausar kasuwa a waɗannan shafuka suke, idan sun salwanta ba inda za a same su.