Black Messiah: Shekara 14 Ana Jiran D'Angelo

Mai karatu, a wannan watan ka yi mani uzuri, zan ɗan ajiye fim na taɓa waƙa. Ai ko ba komai, kyamara ce ta kusa halaka mawaƙin da zan yi magana a kan sa.

A shekarar 2000 ne D'Angelo, baƙar fatar Amurka, ɗan wani limamin coci a Richmond, ya fitar da faifan sa na biyu mai suna Voodoo. A bidiyon ɗaya daga cikin waƙoƙin, "Untitled", an nuno shi ba riga, kyamara na bin jikin sa a hankali. Shi kenan! Duk inda ya hau dandamali sai mata su yi ta ihun ya tuɓe riga, ba ruwan su da kiɗan. Wannan abu ya ci masa rai. Ya janye jiki, ya faɗa shaye-shaye, a 2005 kuma ya yi mummunan hatsarin mota. Jefi-jefi a kan ji muryar sa, kamar a 2002 da ya shiga cikin waɗanda su ka sake rera wata waƙar Fela tare da Femi Kuti, amma faifai dai shiru.

Sai kwatsam ranar 15 ga Disamba, 2014, ga Black Messiah. Zanga-zangar da ta biyo bayan kisan da 'yan sanda su ka yi wa baƙar fata a Ferguson da New York ce ta sa ya gaggauta sakin sa. Ya shiga jadawalin Billboard a lamba ta 5, masu sharhi su ka yi ta kambama shi, a 2016 kuma ya ci kyautar Grammy.

To amma ni fa ban yarda da duk yabon ba. Ranar da na fara saurare, wallahi na zaci lasifika ta ce ta lalace. A "1000 Deaths" ya binne muryar sa ƙarƙashin ganga da jita, tamkar fim ɗin da aka ɗauka janareto na ruri a bayan gida. Wanda ya zo da saƙo ga mutanen da ake kashewa, me zai sa ya riƙa magana a ciki-ciki? An ce da gangan ya yi. Na yarda, amma gangancin bai sa na ji kalmomin ba.

Inda ya kama ni shi ne "Really Love". Goge da jitar Sifaniyawa su ka buɗe ta, ba gaggawa, sannan muryar ta shigo siririya kamar mai tsoron tada barci. A kan tef irin na da aka naɗi faifan, shi ya sa sautin ke da ɗumi, kuma gangar Questlove na ɗan jan ƙafa a bayan kiɗan, sai ka ji kamar za ta faɗi, ba ta faɗuwa.

Bai sake fitar da wani faifan ba har cutar daji ta ɗauke shi a Oktoba 2025, yana da shekara 51. In za ka nema, fara da "Really Love", da dare, bayan an ɗauke wuta.