Idon da ke ƙirga jiragen yaƙi daga sama

Duk wanda ya yi zaman Kasuwar Singa ya saba da ƙarar jirgi. Filin jirgin saman Malam Aminu Kano ba shi da nisa, kuma a cikinsa akwai sansanin sojan sama inda makarantar koyon tuƙi ta 403 ke horar da matuƙa da jirgin L-39. 'Yan dako na tsaka da sauke buhunan sukari da katan-katan na taliya, jirgi ya gifta, wani ya ɗaga kai ya ce na soja ne, a ci gaba da lodi. Iyakar saninmu ke nan galibi: na alhazai ko na soja. Amma akwai mutanen da in ka nuna musu hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga nisan ɗaruruwan kilomita, jirgin bai fi girman ƙwayar wake a fuskar waya ba, za su faɗa maka sunansa, da ƙasar da ta ƙera shi, da ko yana da sauran amfani ko ya zama gawa. Wannan gwaninta tana burge ni matuƙa, kuma ta cancanci a san yadda ake yin ta.

Abin da gwani ke fara duba shi ne fiffike. Daga sama ba a ganin tuta, ba a ganin lamba, sai siffa. L-39 na Kano fukafukansa a miƙe suke, faɗinsu daga wannan baki zuwa wancan bai cika mita 10 ba, kuma a ƙarshen kowanne akwai ɗan tankin mai. Alpha Jet, wanda aka daɗe ana kai farmaki da shi a arewa maso gabas, nasa sun karkata baya, suna manne a saman jiki, injinsa biyu. F-7 da ke Makurɗi, wanda Sin ta kwaikwaya daga MiG-21, fiffikensa mai kusurwa uku ne, hancinsa a buɗe don shaƙar iska. Super Tucano guda 12 da suka iso Nijeriya a 2021 farfela ce a hancinsu. C-130 kuwa ba ya ɓoyuwa, farfela huɗu, faɗin mita 40. Bayan fiffike sai a ƙirga inji, a duba wutsiya ko ɗaya ce ko biyu, sannan a auna tsawo. Awon nan shi ke raba gardama, domin jirage biyu na iya kama da juna a ido, amma mita biyu ko uku su tona asiri.

Hoton kansa ma iri-iri ne. Na Sentinel-2, tauraron Turai da kowa ke iya dubawa kyauta a intanet, kowane ɗigo a cikinsa mita 10 ne a ƙasa, don haka zai nuna maka titin jirgi da tabon gobara, amma ƙaramin jirgi ɗigo ɗaya ne tak. Na kamfanin Planet yana kaiwa rabin mita, na Maxar santimita 30. A nan ne ake fara ganin farfela da inuwar wutsiya. Idan hadari ya rufe sama ko dare ya yi, sai a koma ga hoton rada, wanda ke ratsa gajimare. Shi kam ba shi da kyan gani ko kaɗan, fari-fat da baƙi-ƙirin kawai, sai wanda ya ƙware ke gane cewa wannan tarin haske da ya watse a da jirgi ne.

Inda aikin ya fi daɗi a wurina shi ne auna ɓarna bayan hari. Mai kai hari kullum yana ƙara gishiri, wanda aka kai wa kullum yana cewa ba abin da ya same shi. Shi kuma mai karanta hoto ba ya sauraron kowa. Sai ya nemo hoton jiya ya jera da na yau. A yaƙin Rasha da Yukiren, ranar 9 ga Agustan 2022 wuta ta tashi a sansanin Saki da ke Kirimiya, Rasha ta ce harsasai ne suka fashe kuma ko jirgi ɗaya bai lalace ba. Da hotunan Planet suka fito, sai ga gurabe inda jiragen Su-24 da Su-30 ke jere kwana ɗaya kafin nan sun zama toka, aƙalla 7. Jirgin da ya ƙone yana barin sa hannunsa a ƙasa: tsakiyar jiki, inda mai yake, tana narkewa, sai baƙin tabo mai siffar jirgin, da injuna a kwance, wani lokaci da guntun wutsiya da bakin fiffike da wutar ba ta kai gare su ba. Daga waɗannan guntayen ake sake gane wane jirgi ne. A ranar 1 ga Yunin 2025 kuma Yukiren ce ta ce ta sami jirage 41 a sansanonin Rasha da ƙananan jirage marasa matuƙa. Masu nazarin hoto suka zauna da hotunan sansanonin Belaya da Olenya, har da na rada, abin da suka iya tabbatarwa ya ƙone goma sha wani abu ne. Ba su ce sauran ƙarya ba ne, sun ce dai ba su gani ba. Jirgin da ɓarɓashin bam ya huda na iya zama lafiya lau a hoto alhali ba zai sake tashi ba. Shi ya sa gwani ke kasa hukuncinsa uku, wanda ya ƙone, wanda ya ji rauni, da wanda ba a iya cewa komai a kansa, sannan ya jira mako ɗaya ko biyu ya ga wanne aka ja gefe ana cire masa kaya. Ramin bam a kan titin jirgi ma ba ya ruɗa shi, don ya san ana cike shi cikin ɗan lokaci. Idonsa yana kan tankunan mai da rumbun makamai da shagunan gyara.

Su ma sojoji sun san ana kallonsu, don haka suna yaudara. Rasha ta zana hoton jirgin Tu-95 da fenti a kan kwalta a sansanin Engels, ta kuma jera tayoyin mota a kan fukafukan na gaskiya. Inuwa ce ke tona wannan dabara, domin fenti ba ya inuwa, jirgin gaskiya kuwa dole wutsiyarsa ta jefa inuwa gwargwadon tsayinta da inda rana take. Har an ga hoton da jirgi mai saukar ungulu ya sauka ɗare-ɗare a kan jirgin fenti. Ɗan Singa zai fahimci wannan ido, domin shi ma ba sai ya farke buhun shinkafa ba yake gane an sauya mata buhu, ɗinkin bakin kawai ya ishe shi.

Kano ba baƙuwa ba ce a wannan harka. A nan jiragen farko da suka taɓa sauka a Nijeriya suka sauka, guda uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila, a watan Nuwamban 1925. A Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 1940, dubban jirage aka harhaɗa a Takoradi suka biyo ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira, sau da yawa Blenheim mai inji biyu a gaba, ƙananan Hurricane a biye. A lokacin yaƙin ne sana'ar karanta hoton sama ta kafu sosai a Medmenham da ke Ingila, inda ake jera hotuna biyu na wuri ɗaya a ƙarƙashin gilashi mai ido biyu har abin ya taso kamar a taɓa. Da haka wata mace, Constance Babington Smith, ta gano ƙaramin jirgin bam na V-1 a Peenemünde a 1943. A watan Agustan 1967 kuma a filin Kano aka sauke MiG-17 da Tarayyar Sobiyet ta kawo wa gwamnatin Gowon, kuma a watan ne jirgin B-26 na Biyafara ya kawo wa filin farmaki.

Na kusa-kusa shi ne harin da Boko Haram ta kai sansanin sojan sama na Maiduguri ranar 2 ga Disamban 2013. Rundunar soja ta ce an lalata jirage masu saukar ungulu biyu da wasu jirage uku da tuni aka daina aiki da su. Wannan bambanci babba ne, kuma daga hoto ana iya gane shi: jirgin da aka yi wa ritaya yana tsaye wuri ɗaya shekara da shekaru, nesa da inda ake shan mai, ciyawa ta kewaye tayoyinsa, fentinsa ya koɗe.

Ana cewa gani ya kori ji, amma gani ma sai an koya, kuma kuskurensa rai yake ci. A ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri da ke jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne. Rundunar ta amsa cewa kuskure ne. Wani ne ya dubi taron mutane daga sama ya ɗauka 'yan bindiga ne. Haƙurin nan na cewa ban tabbatar ba tukuna, wanda na yaba a wajen masu ƙirga jirage, shi ne abin da ya yi ƙaranci a daren.

Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 tun 2003, ta ƙara da NigeriaSat-2 a 2011, kuma Jami'ar Bayero na koyar da nazarin hotunan tauraron ɗan'adam a fannin labarin ƙasa. Idon da ke gane jirgi shi ne zai gano sansanin 'yan fashi a dajin Rugu, ya auna gonakin da ambaliya ta cinye a Haɗeja. Ina roƙon matasanmu masu kwamfuta da haƙurin zama su shiga wannan fanni, su fara da hotunan da aka riga aka saki ga jama'a, kada kowa ya je yana ɗaukar hoton sansanin soja da waya don hakan na iya jefa shi hannun hukuma. Kai kuma mai karatu, in aka turo maka hoton jirage na ci da wuta a WhatsApp, kafin ka tura wa na gaba ka tambayi ranar da aka ɗauke shi, da wurin, da kuma ina hoton jiyansa.